Atamfa Mai Baki: Waƙa, Kyautar Saurayi da Almakashin Mai Koyo a Zangon Kwatano

Duk wanda ya ratsa unguwar Zango ta birnin Kwatano da hantsi, ya bi lungunan da ke kewaye da babban masallaci, abu biyu ne za su cika masa kunne: ƙarar keken ɗinki da muryar rediyo. Unguwar ta gaji sunanta daga zangon fatake, irin waɗanda tun kafin zuwan Turawa suke keta ƙasar Bargu da jakunansu zuwa Gwanja neman goro. Yau babu jakuna, sai manyan motoci da kayan tashar jiragen ruwa, amma har yanzu da Hausa da Zabarmanci ake yawancin ciniki a wurin. A cikin shagunan teloli kuwa akwai yara maza da mata da iyayensu suka kai koyon sana'a. Yaro yakan yi wajen shekara uku a hannun ubangidansa, yarinya a hannun uwarɗakinta. Watannin farko ba a ba mai koyo yadi, takardar buhun siminti yake yankawa yana ɗinkawa har hannunsa ya faɗa. A dā, a ƙasar Benin, sai an yi wani biki mai cin kuɗi kafin a sallami mai koyo. Daga baya gwamnati ta kawo jarrabawar sana'a mai takardar shaida, wadda ake kira CQM.

Amma jarrabawa ta gaskiya tana zuwa tun kafin ta gwamnati, wato ranar da uwarɗaki ta shimfiɗa turmin atamfa a tebur, ta miƙa wa yarinya almakashi. Sau da yawa wannan turmi ba matar da ta kawo shi ce ta saya ba. Saurayi ne ya kai mata, ko miji ya sayo bayan haihuwa, ko kuwa daga akwatin lefe ya fito. Yadi shida ne kacal, wato zane uku, in aka ɓata babu ƙari. Ban da wannan, atamfar tana da suna, sunan kuma magana ce da wani ya aika wa wata. Saboda haka ya kamata a duba waɗannan atamfofi kamar yadda ake duba waƙa ko littafi, a ga wadda ta ci sunanta da wadda ba ta ci ba, gama su ne littattafan da masu koyon ɗinki suke karantawa kowace rana, ko sun sani ko ba su sani ba.

Asalin wannan yadi ba na Afirka ba ne, ba kuma na Turai ba. Mutanen tsibirin Jaba, a ƙasar Indunusiya ta yau, su ne gwanayen rini da kaki: a zana ado da kaki a jikin farin yadi, a tsoma a baba, inda kaki ya rufe rini ba ya kamawa. Turawan Holan, masu mulkin Jaba a lokacin, suka so su yi irinsa da inji domin su sayar da araha. Kamfanin da yau ake kira Vlisco ya soma aiki a garin Helmond a 1846. Mutanen Jaba ba su yi na'am da na inji ba, domin kakin yakan tsage ya bar jijiyoyin rini da ɗigo-ɗigo a jikin yadi. Abin da su suka ƙi, shi matan bakin tekun Afirka ta Yamma suka so. A shekarun 1890 wani ɗan kasuwa mutumin Sikotlan, Ebenezer Brown Fleming, ya shiga kai irin wannan yadi ƙasar da yau ake kira Gana, daga nan ya bazu.

Masana'anta lamba take bugawa a bakin yadi, ba ta raɗa wa adon suna. Matan kasuwa ne masu raɗin suna. A Lome su ne waɗanda aka yi wa laƙabi da Nana Benz, saboda motocin Marsandi da suka saya da ribar atamfa a shekarun 1960 zuwa 1980. A Kwatano kasuwar Dantokpa ce ta yi shekaru da yawa tana riƙe da wannan ciniki, daga can kuma atamfa ta riƙa haurawa arewa har Kantin Kwari a Kano. Ke nan hannu uku ne a kan kowane turmi kafin ya iso shagon tela: na mai zana ado a Turai, na 'yar kasuwar da ta sa suna, da na mai kyauta da ya zaɓa.

A fara da wadda ta fi kusa da kiɗa. Akwai wata tsohuwar atamfa mai manyan da'irori, kowace da'ira cike da ƙananan ɗigo da suke kewayawa zobe bayan zobe. Mutanen Akan na Gana suna ce mata Nsu Bura, wato rijiya, domin sun ga irin zobban da ruwa yake yi in an jefa tsakuwa. A Nijeriya kuwa aka ce mata faifan garmaho. Bahaushiya ba ta bukatar a fassara mata wannan suna, gama faifai nata ne tun kafin garmaho. Shi ne abin da take saƙawa da kaba, zobe bayan zobe, ta rufe ƙwaryar fura, ta jera a bangon ɗakin amarya. Da garmaho ya zo, aka ga abin da yake juyawa a kansa ya yi kama da na ɗaki, sai aka ara masa sunan. Ga abu ɗaya, wata ta ga ruwa, wata ta ga waƙa, wata ta ga kayan ɗakinta, kuma babu wadda ta yi ƙarya.

Wannan atamfa ta ci sunanta, amma ba domin kamannin faifai kaɗai ba. In aka shanya turmin a igiya aka ja baya aka duba, sai a ga ido yana bin ta kamar yadda kunne yake bin kiɗan ƙwarya. Manyan da'irori suna faɗowa a kan lokacinsu, kamar babbar ƙwarya mai riƙe da gindin kiɗa. Ƙananan ɗigo suna cika tsakani, kamar ƙananan ƙore da suke yi mata ado. Ɗigon da kaki ya bari kuwa ba ya faɗa wa wuri ɗaya sau biyu, kamar yadda makaɗiya ba ta maimaita bugu daidai wa daida. Babu ganga a jikin yadin, babu goge, babu mai rawa, duk da haka kiɗa yana ciki. In mace ta ɗaura ta tana tafiya, da'irorin suna juyawa da ita.

Kwatano ma garin faifai ne. A shekarun 1970 makaɗan Poly-Rythmo suna tashe, kamfanin Albarika Store yana fitar da waƙoƙinsu, har ana buga faifan garmaho a cikin garin a kamfanin Satel. Kaset ya zo ya ture garmaho, wayar hannu ta zo ta ture kaset, amma atamfar tana nan da da'irorinta. Yarinyar da ba ta taɓa ganin allurar garmaho ba tana yanka faifai a shagon uwarɗakinta.

Ta biyu ita ce wadda duniya ta fi sani. A farkon shekarun 1960 wani mai zane na Vlisco, Toon van de Manakker, ya ɗauko ado daga rigar wata babbar mace ta ƙasar Habasha ta ƙarni na 19, ya yi yadi mai faffaɗan ado a wuya da ƙirji, da wani a gefe. An kira ta Addis Ababa. A Kwango an kira ta Miriam Makeba, da sunan mawaƙiyar nan ta Afirka ta Kudu. A shekarun 1970, lokacin da makaɗan Sweet Talks na Gana suka yi tashe da waƙarsu mai suna Angelina, sai yadin ya zama Angelina. A tsakiyar shekarun 2010 masu rawar mawaƙi Fabregas na Kinshasa suka sa ta, sai ta koma Ya Mado. Da ita ne kuma baƙaƙen fatar Amurka suka riƙa ɗinka rigar da suke kira dashiki tun ƙarshen shekarun 1960. Kalmar kuwa ɗan ciki ce ta Hausa, ta bi ta bakin Yarabawa ta ƙetare teku.

Labarin yana da daɗi, amma in an zo wajen hukunci, dangantakar Angelina da waƙa ba ta kai ta faifai ƙarfi ba. Babu abin da ya haɗa adon da waƙar sai dai sun yi tashe a lokaci ɗaya. Shi ya sa sunan yake sauƙin ciruwa: kowane sabon mawaƙi yana iya zuwa ya liƙa nasa. Adon kansa kyakkyawa ne, mai nauyi, mai kwarjini, sai dai ya riga ya gama magana tun daga masana'anta. Ya nuna wa tela inda wuya yake, ya nuna inda hannu zai tsaya. A ninka, a huda wuya, a ɗinke gefe, riga ta tashi. Ga mai koyo a watansa na shida alheri ce, gama da wuya ya ɓata ta. Ga wanda yake so ya gwada basirarsa kuwa, ba ta bar masa wurin sa hannu ba.

Sai atamfofin soyayya, waɗanda su ne suka fi yawa a akwatin lefe, kuma su ne suka fi bukatar a zauna a kansu. Abin da zai fara ba mai lura mamaki shi ne ƙarancin soyayya a cikinsu. Akwai dai Furen Aure, mai furanni manya da ƙanana, wadda a Kwaddibuwa ake sa ta cikin kayan amarya. Amma ita ma wani sunanta Rolls Royce, sunan motar attajirai. Sauran kuwa, in aka jera sunayensu da aka raɗa da Faransancin kasuwa aka juya su zuwa Hausa, ga abin da ake samu: Idon Kishiyata, Na Fi Kishiyata Gudu, Masoyi Kada Ka Juya Mini Baya, Mijina Mai Iyawa Ne, In Ka Fita Na Fita. Wannan ba zancen dandali ba ne, zancen cikin gida ne bayan an kwana biyu da biki. A ƙasar Hausa mace takan yi habaici a bakin turmin daka, tana luguden taɓarya tana waƙa, wanda aka yi dominsa yana ji ba shi da bakin magana. A bakin teku sai ta koma yi da turmin atamfa.

In Ka Fita Na Fita ita ce gwanar cikinsu. Hoton keji ne da ƙofa a buɗe, tsuntsu ɗaya ya riga ya fita, na biyu yana shirin binsa. In babu sunan, hoton tsuntsaye ne kawai, irin na labule. In babu hoton, sunan gatse ne kawai. Da aka haɗa su sai suka zama magana cikakkiya, kuma magana mai fuska biyu. Matar da ta saya da kuɗinta ta ɗaura a gaban mijin da ya soma daɗewa a waje, kashedi take yi: ƙofar da ka buɗe ba kai kaɗai za ta fitar ba. Amma a ce saurayi ne ya zaɓe ta ya kai wa budurwarsa, ko matar da mijinta zai tafi ci-rani Legas ce ta ɗaura ranar rakiya, sai maganar ta juya ta zama alkawari, irin wanda Rut ta yi wa Na'omi a hanyar Baitalami. Hoton bai sāke ba, hannun da ya bayar ne ya sāke.

Mai wa'azi yana iya cewa wannan zane yana koya wa mata ramuwa, zunubin miji kuwa ba ya halatta na mata. Gaskiya ne. Amma kafin a hana ɗaura shi zuwa sujada, ya kamata dattawa su tambayi kansu inda wannan mata za ta kai kukanta in ba a jikin zane ba. A majami'u da yawa majalisar dattawa maza ce zalla. Matar da ta kai ƙarar mijinta, da haƙuri akan sallame ta. Zanen bai jawo fitar mijin ba, labarinta kawai ya ba da.

Na Fi Kishiyata Gudu hoton doki ne a guje. Sunan daga Kwaddibuwa yake, kuma yana da ban dariya mai kyau, domin dokin yana da kuzari da alfahari daidai da maganar. Matan Ibo kuwa sun daɗe suna yin anko da ita ba tare da wata kishiya a ransu ba, abin da yake nuna cewa hoton yana iya tsayawa da ƙafarsa. Idon Kishiyata ba haka take ba. Da zarar an ji sunan, ido ba ya ƙara ganin kome a jikin yadin sai harara, kuma harara ba ta da fuska biyu. Wani zai ce me ya haɗa matan Kirista da waɗannan, tun da aurensu na mace ɗaya ne. Masu sayarwa sun fi shi sani. Kishiyar da ba a kawo gida ba takan fi ta gida ciwo, Littafi Mai Tsarki kuwa bai ɓoye abin da ya gudana tsakanin Lai'atu da Rahila ba, ko Hannatu da Feninna.

Wadda ta fi rauni wajen fasaha ita ce ta fi ƙarfi a kasuwa, wato Mijina Mai Iyawa Ne. Babu miji a jikinta, babu wani abin da ya iya. Sunan ba daga hoton ya fito ba, daga farashi ya fito. Mai ɗaura ta tana gaya wa maƙwabta nawa aka kashe, shi ke nan. Duk wani yadi mai tsada yana iya ɗaukar wannan suna, saboda haka ba suna ba ne, rasit ne.

A nan ne kuwa maganar ta shafi ikkilisiya kai tsaye. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, atamfar Holan ta ninka kuɗi a dare ɗaya, amma lissafin lefe bai ragu ba. A Maraɗi da Damagaram, a Jos da Kaduna, har a Zangon Kwatano, dangin amarya suna buɗe akwati a gaban jama'a, suna ƙirga turame, suna duba bakin yadi su ga na wace ƙasa ne. Saurayi Kirista mai aikin gadi ko tura baro yakan yi shekaru yana tara kuɗin akwati. Waɗansu su gaji su ɗauki mace su zauna ba ɗaurin aure, sai a dakatar da su daga Jibin Ubangiji, su yi ta haihuwa suna zaune a bencin baya. Ba atamfa kaɗai ce sanadi ba, akwai sadaki da abincin biki, amma tana cikin manyan kaya. Ba kuma za a ce kyautar tufa al'adar arna ba ce. A Farawa sura 24 baran Ibrahim ya ba Rifkatu kayan zinariya da na azurfa da tufafi, ya kuma yi wa ɗan'uwanta da mahaifiyarta kyauta. Sai dai a can, bayan an ba da kayan, an kira yarinyar an tambaye ta ko za ta tafi. Ba akwatin ne ya amsa a madadinta ba.

Tun wajen shekara ta 2000 atamfar ƙasar Sin ta cika kasuwannin Lome da Kwatano, da irin su Hitarget, da waɗansu da suke kwaikwayon tsofaffin adon Holan a kan kuɗi kaɗan. Masu masana'anta suna kuka da wannan, kuma suna da hujja, gama masaƙun Kaduna da suka ciyar da dubban gidaje sun rufe ɗaya bayan ɗaya, babbar cikinsu, UNTL, ta tsaya a 2007. Amma wajen ma'ana, kwaikwayon ya tona asirin sunaye. In Ka Fita Na Fita ta Sin tana faɗin abin da ta Holan take faɗi, ba ragi, domin maganarta tana cikin hoton. Mijina Mai Iyawa Ne ta Sin kuwa ta zama abin dariya, domin maganarta tana cikin kuɗin, kuɗin kuwa ya tafi.

Akwai wata kuma da ake kira Iyali: kaza a tsakiya, 'yan tsaki da ƙwai kewaye da ita, zakara kuwa kansa kaɗai ake gani. Matan kasuwa sun daɗe da lura da wannan rashin gangar jikin zakara, sun kuma san fassararsa. Miji yakan saya wa matarsa ita da zuciya ɗaya bayan suna, bai san an yi da shi ba.

To, ina atamfar ikkilisiya a cikin wannan? Kowace Zumuntar Mata tana da ankonta, kowane babban taro yana da nasa: bikin cika shekara hamsin, naɗin bishop, buɗe sabuwar majami'a. Galibi yadi ne mai bugu a fuska ɗaya, da hoto a cikin da'ira, da aya, da sunan ƙungiya, da kwanan wata. Amfaninsa a fili yake: yana daidaita matar attajiri da gwauruwa a benci ɗaya, abin da akwatin lefe bai taɓa yi ba, yana kuma riƙe tarihi, har jika ta buɗe adakar kakarta ta karanta shekarar taro. Amma wajen fasaha sai a faɗi gaskiya, yawancinsa allon sanarwa ne da aka buga a yadi. Ya rubuta kome, bai bar wa mai kallo abin ganewa ba. In ya zo hannun tela kuwa sai wahala: aya ta rabu biyu a kafaɗa, rabinta a gaba rabinta a baya, fuskar babban bawan Allah ta faɗa inda bai kamata ba. Abin mamaki shi ne, matan nan da suke ɗaura shi su ne gwanayen abin da ya rasa. Duk wanda ya ji Zumuntar Mata suna waƙa da tulu da kacau-kacau, mai ba da waƙa tana jefawa ana amshi, ya san sun iya maimaici mai rai, sun iya faɗin babbar magana da ƙaramin misali. Kunnensu ya yi nisa, idonsu ne ba a tambaya ba ranar da kwamiti ya zauna zaɓen anko.

Cuta ɗaya ce da ta yadin ranar masoya, wanda yake fitowa gab da 14 ga Fabrairu, ja wur, cike da hoton zuciya, wani har da jita da alamun waƙar Turawa. Ɗalibin da aka ce ya zana yadi a kan waƙa da soyayya, nan hannunsa yake fara zuwa, domin nan ne kusa. Amma hoton jita ba ya kiɗa, hoton zuciya kuma kowa yana iya ba kowa. Irin wannan yadi ba ya kai Ista a jikin mai shi, balle matan kasuwa su raɗa masa suna.

Ba sai an je Helmond za a koyi wannan ba. A cikin Zango akwai maza masu aikin wuya a jikin shadda, magadan masu ɗinkin babbar riga. Aska takwas da aska biyu ba rubutu ba ne, ba kuma hoton aska ba ne sosai, tsini ne dogaye da suke gangarowa daga kafaɗa, amma duk Bahaushe ya san sunansu, ya kuma san matsayin mai sa su. Tsakanin tufa da waƙa ma tsohuwar ma'amala ce a ƙasar Hausa, gama da riga sarki yake biyan makaɗinsa, mawaƙi kuma yakan ambaci rigar a waƙa ta gaba domin a san wanda ya ba shi. Waƙa ta jawo riga, riga ta koma cikin waƙa.

Sai dai mai koyo a Zango ba shi da injin buga yadi. Benin tana cikin manyan masu noman auduga a Afirka, amma shekara da shekaru yawancinta ɗanya ake fitarwa ta tashar Kwatano, ta dawo da ado da farashin wani. A shekarun 2020 an buɗe masaƙu da wuraren ɗinki a yankin masana'antu na Glo-Djigbe, arewa da birnin. Ko da haka, yarinyar da take shagon uwarɗakinta ba ita za a tambaya wane hoto za a buga ba. Abin da yake hannunta shi ne almakashi da alli, kuma ba ƙaramin iko ba ne, domin hannu na huɗu ke nan a kan turmin, shi ne kuma na ƙarshe.

A ce turmin keji ne a kan tebur, wata ta kawo ta ce mijinta ne ya sayo, tana so ta sa ranar Lahadi. Yadi biyu na ɗaurawa ba a taɓa su, sai kalmasa baki. Yadi biyu na ɗankwali da goyo. A yadi biyun riga ne aikin yake. In yarinyar ta bi awo kawai, ta yanka inda alli ya faɗa, tana iya raba tsuntsu da kejinsa, ko ta sare kan ɗaya a ɗinkin hammata, maganar ta watse, a sami riga mai fukafukai barkatai. In ta san sunan, sai ta tsaya ta juya yadin. Tana iya sa keji a tsakiyar ƙirji da tsuntsayen biyu cikakku, kowa ya karanta daga ƙofar majami'a. Tana iya kai kejin baya, ta bar tsuntsu ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, suna fuskantar juna, har mai kallo ya rasa ko fita suke yi ko dawowa. Wannan na biyu yakan ci yadi, ya bar ƙyalle da yawa a ƙasa, uwarɗaki kuwa ba ta son asarar ƙyalle. Kafin ta sa almakashi, yarinya mai hankali takan ɗaga kai ta dubi fuskar matar, ta ce, "Inna, a gaba kike son tsuntsayen ko a hannu?"